Haƙƙin Kyanwa a Kan Wanda Ya Tsare Ta

Malaman fiƙihu sun daɗe da daidaita a kan cewa duk wanda ya mallaki dabba, wajibi ne ya ciyar da ita, ya shayar da ita, ko kuwa ya sake ta ta nemi abincinta da kanta. Hujjarsu ita ce hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne kyanwar da ta ci ta ƙoshi amma ba ta daina kuka ba, tana goga jikinta a ƙafar mai gida, tana hawa littafin da yake karantawa, tana tashinsa tun kafin kiran assalatu. Shin wannan neman kulawa haƙƙi ne da za a tambayi mutum a kansa, ko kuwa amsa shi ihsani ne kawai, wato kyautatawar da ake samun lada idan an yi, ba a kuma kama wanda ya bari da laifi?

Shari'a ta riga ta ba kyanwa matsayi na daban. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Abu Ƙatada da ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha, yana mai kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ta cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida, siffar da Suratun Nur ta ba yara da barori. Wanda aka lissafa cikin mutanen gida kuwa ba ciki kaɗai yake da shi ba.

Masana halayyar dabbobi sun lura cewa manyan kyanwoyi ba sa yawan yi wa juna irin kukan da suke yi wa mutum, kuma binciken Karen McComb na Jami'ar Sussex a 2009 ya nuna cewa kyanwa kan cusa wata siririyar murya mai kama da kukan jariri cikin gurnaninta idan tana roƙo. Ana iya kiran wannan wayo, amma wayo ne da zaman gida ya koya mata.

Gidan gargajiya na ƙasar Hausa bai san wannan matsala sosai ba, domin magen da ke gadin rumbu tana da ɓeraye da ƙadangaru da katangar da za ta haura. A gidan birni mai raga a taga da ƙofar da ba a barin ta a buɗe, an ɗauke mata farauta da yawo da 'yan uwanta, mutum ɗaya ya zame mata madadinsu duka. Illar hukuncin, wato dalilin da aka gina shi a kai, a hadisin matar nan ita ce tsarewa ba tare da biyan abin da tsarewar ta hana ba, don haka abin da ya fi kusa da daidai shi ne cewa nauyin yana ƙaruwa gwargwadon tsananin kullen, har wasa da ita da magariba ya fita daga sahun nafila.