Gonar Aro

A tsakiyar daminar 2020 fadamun Kebbi sun yi kyan da ido ba ya gajiya da kallo. Shinkafa ta yi kore shar daga bakin Gulbin Zamfara a Jega har inda gani ya ƙure, manoma kuwa, na Mungadi da na sauran garuruwan Maiyama, sun fara lissafin buhu tun kafin ta fitar da kai. Wannan ya ware na auren 'yarsa, wancan ya yi niyyar sauya rufin ɗaki, wani yana hangen kujerar Makka. Ban ga laifinsu ba. Ni ma haka nake yi da kuɗin da bai shigo hannuna ba tukuna.

Sai gulabe suka cika suka batse. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ruwa ya haye fadamu, ya karya gadoji, ya shiga gidajen ƙasa ya jiƙa gindin bango har ɗakuna suka zauna. Hukumomin jihar sun ce gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 ruwa ya shanye. Mai karanta labarai ya faɗi adadin a numfashi guda ya wuce, alhali kowace hekta da mai ita, kuma da yawansu da bashi suka yi noman. Tun 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, mutane suka saba karɓar iri da taki da injin ban ruwa, a kan in an yi girbi a biya da shanshera. A daminar 2020 gona ta tafi, bashi ya zauna.

Mu nan ba mu da teku, mahaukaciyar guguwa a rediyo muke jin labarinta. A watan Maris na 2019 wadda aka kira Idai ta sauka cikin dare a birnin Beira na Mozambik, ta kwashe rufin gari, ruwan da ta zubar ya mai da karkara tafki. Fiye da mutum 1,000 suka rasu tsakanin Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Mutane sun kwana da yini a kan itatuwa da rufin gidaje suna jiran jirgi mai saukar ungulu. Duniya ta taso musu: hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyar Red Cross, sojojin ƙasashe maƙwabta, da abinci da tantuna da rigakafin kwalara. Na tuna na saurari labarin, na ce Allah Ya jiƙansu, na ci gaba da cin tuwona. Shekara ɗaya da rabi bayan haka ruwa ya iso ƙofarmu.

Agajinmu bai kai nasu girma ba, amma kamarsa ɗaya: hukumar agajin gaggawa ta NEMA da takwararta ta jiha, buhun hatsi, bargo, tabarma, gidan sauro. Allah Ya saka wa duk wanda ya miƙa hannu, na kusa da na nesa, domin wanda ya kwana uku cikin jiƙaƙƙen kaya ya san darajar busasshen bargo. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne layin karɓa. A ajin makarantar firamare da aka mayar masauki, mai rumbu goma da mai rumbu ɗaya tabarma iri ɗaya suke shimfiɗawa. Mutumin da jiya ake gaishe shi a durƙushe yau yana tsaye da kati a hannu, yana kasa kunne ko za a kira sunansa. Wanda ruwa ya tafi da shi kuma ba ya cikin takardar rabon. Rabonsa yadi biyar na likkafani, in an dace an ga gawar.

Kaico, ya kai raina, sau nawa za a nuna maka kafin ka gani? Kana cewa gonata, gidana, ƙarfina. Manomi ya fi ka sanin gaskiya, domin shi ya sa hannu a takarda, ya san irin da ke cikin ƙasarsa na rance ne kuma akwai ranar biya. Kai ma numfashin da kake ja aro ne, sai dai ba a gaya maka ranar da Mai shi zai aiko ba.

Ba sai an yi ambaliya ake karɓe kayan aro ba. Mutanen Aliero sun san halin albasa: ka zuba ta a rumbu kana jiran tsada, ka kare ta daga ruwa da rana, duk da haka kullum tana raguwa a ɓoye, ranar buɗewa ka tarar wata ta motse, wata ta ruɓe. Haka ƙuruciya take zubewa, babu tsawa babu iska. Saurayin da ya tuƙa kwalekwale ya kwaso mata da yara a 2010, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya malalo ta Sakkwato ya iso Kebbi, yau ya fara dafa gwiwa in zai miƙe. Kasuwar Jega ta yi suna tun zamanin fatake da ayarin jakuna. An yi attajirai a cikinta waɗanda in sun sauka gari sai ya sani. Rumfunan suna nan cike da jama'a, ka tambayi yaran da ke ciki sunan waɗancan ka ji.

Ban ce a bar noma ba, wa zai ce haka ga mai iyali? A yi shuka, a gyara gada, a kauce wa hanyar ruwa in an yi gargaɗi. Ni dai tsorona lissafina ne. Na san buhu nawa nake fata bana, na san wa nake bi da wanda ke bi na. Abin da na aika gaba kuwa ban taɓa zama na ƙirga shi ba. Haƙƙin maƙwabci. Sallar da na yi cikin gaggawa. Ɗan'uwan da na daina gaisarwa saboda iyakar gona, iyakar da ruwa ya shafe a dare ɗaya.

Da ruwa ya janye, ya bar laka a fadama, mutane suka koma noman rani. Aka gyara kunyoyi, aka tada injuna. Akwai gonakin da a wannan karon magada ne suka shiga. Sun tsaya a bakin gona. Sun yi wa mai ita addu'a. Sun tuɓe takalma, sun sunkuya, sun fara dashe.