Ganganci a Hanyar Tambuwal

Duk wanda zai tafi Kebbe daga Sakkwato a 'yan shekarun nan, tambayarsa ta farko a tasha ita ce: hanya lafiya? Abin da yake nufi 'yan bindiga ne. Ba ya duba tayar motar da zai shiga, ba ya ƙirga mutanen da ɗan kamasho ya cusa a kujerar gaba. Tsoron 'yan bindiga gaskiya ne, ƙauyukan Kebbe sun ɗanɗana kuɗarsu. Amma akwai wani makashin da muke biyan kuɗi mu zauna a cikinsa, har mu ce masa, "Direba, taka ta mana, dare zai yi."

Sunansa ganganci, kuma ba direba kaɗai ke da shi ba.

Titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga da Shagari, ya ratsa Tambuwal ya nufi Jega, tireloli da tankoki da ƙananan motoci da 'yan kabu-kabu ne ke rububinsa. Ranar kasuwa za ka ga kanta an shaƙe ta da buhunan hatsi, an ɗora awaki, sannan mutane sun hau can ƙololuwa sun rataye ƙafafu. Babur ɗaya, magidanci da matarsa da yara biyu, ba mai hular kwano. Kowa ya gani, ba wanda gabansa ya faɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kashi 92 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, alhali kusan kashi 60 na motocin duniya ne a hannunsu. Tsakanin ɗan shekara 5 da ɗan 29 babu abin da ya kai haɗarin mota kisa. 'Ya'yanmu ke nan, masu noma da masu karatu. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya tana nan tun 1988, a 2017 ma ta fara tilasta wa motocin haya na'urar taƙaita gudu, amma jami'inta ba ya cikin mota lokacin da direba zai wuce tirela a kan kwana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rigar da muke sa wa wannan hali. Dattijo ya ce, "Malam direba, ka sassauta," sai wani fasinja ya cafe: "Baba, tsoron mutuwa kake? Sai kwana ya ƙare." A yi dariya, dattijo ya ja bakinsa. To, mai wannan magana shi ne jiya ya ƙi bin hanyar daji bayan magariba, ya kwana a Tambuwal, bai kuma ce imaninsa ya yi rauni ba. Ya san tawakkali ba ya hana yin sababi. Bindiga tana da ƙara da labari, shi ya sa yake jin tsoronta. Sulɓaɓɓiyar taya kuwa shiru take har ta fashe.

Idan ta fashe, a ce tsautsayi, a yi jana'iza, a yafe wa direba. Wanda ya karye a baya kuma a ɗauke shi kusan kilomita 100 zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato, iyali su sayar da shanun huɗa a tsakiyar damina. Motar da ta maye layin a tasha, mutum uku za ta ɗauka a gaba.