Taki da Ruwan Sama: Ina Maganin Bangaskiyar da Ta Gaji?

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, gona ba ta san hutu ba. Jama'a sun yi yawa, kowace gona ta jingina da ta maƙwabci, babu sauran dajin da za a sare a yi sabon fili. Gonar da kaka ya noma ita jika yake nomawa kowace damina. Abin da ya hana ƙasar mutuwa shi ne taki: kashin awaki da tumaki, toka da sharar gida, waɗanda ake tarawa duk rani, a loda a mangala, jaki ya kai gona kafin ruwa ya sauka.

A cikin waɗannan ƙauyuka akwai Hausawa Kirista, mafi yawansu daga zuriyar Maguzawa. Mishan ta SIM, wadda ta fara shigowa ƙasar nan a 1893, ta daɗe ba ta sami izinin aiki a masarautun Arewa ba, sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe ta hanyar jinyar kutare, kamar a Yadakunya kusa da Kano. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 aka kafa ikkilisiyar ECWA, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa kuwa ta horar da masu bishara. Waɗanda suka fara tuba sun biya farashi: sun bar tsafin gidan ubanninsu, wasu har sun rasa goyon bayan dangi. Jikokinsu kuwa sun tashi sun tarar da addinin a tsakar gida, kamar rumbu da turmi. Suna zuwa sujada ran Lahadi, suna ba da baiko, sun haddace waƙoƙi, amma wani a cikinsu zai gaya maka addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki. To, mai irin wannan hali me ya wajaba ya yi?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce neman sabon wuri: a tafi taron falkaswa a birni, ko a sauya majami'a, ko a bi wani mai wa'azi da ya yi suna. Taro yana da amfaninsa, kamar yayyafin farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa. Sai dai manomi ya san wanda ya yi shuka a kan yayyafi ɗaya yakan sake shuka. Mutum ya dawo daga taro da zuciya mai zafi, bayan mako biyu ya tarar da rigimar iyakar gona tana nan, gabar da yake yi da ɗan'uwansa tana nan, sanyin ma ya dawo. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa abin da ya busar da addu'a yana cikin gida: bashin da aka ƙi biya, matar da aka daina saurara, ƙaryar da aka saba da ita a kasuwa.

A Bisharar Luka, sura ta 13, Yesu ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku bai yi 'ya'ya ba. Mai gona ya ce a sare, mai kula da gonar ya roƙi shekara guda domin ya yi masa kaftu ya zuba taki. Bai nemi a dasa itacen a wani wuri ba. Taki kuwa abu ne mai wari, wanda aka share aka fitar daga gida. Haka takin bangaskiya yake: mutum ya furta laifinsa, ya taka zuwa ƙofar wanda ya ɓata wa ya nemi gafara, ya karanta sura guda da asuba ko bai ji daɗinta ba, ya auna wa gwauruwa tiyar gero a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ba ɗaya daga cikinsu da ke jawo tafi.

Wani zai ce: ashe wannan ba munafunci ba ne, mutum ya durƙusa alhali zuciyarsa ba ta motsa ba? Kuma tun da bangaskiya alherin Allah ce, yaya aikin hannu zai farfaɗo da ita? Tambayar tana da nauyi. Munafuki yana yi ne don idon mutane. Wanda ya gaya wa Allah a ɓoye cewa zuciyarsa ta bushe, gaskiya ya faɗa, kuma Zabura cike take da irin wannan kuka. Game da alheri kuwa, babu manomin Bichi da ya taɓa zaton jakinsa ne ke kawo hadari. Ruwa na Allah ne, yana saukar da shi lokacin da ya ga dama. Amma in ya sauka, gonar da ta sha taki da wadda aka yi wa sakaci ba sa ba da amfani ɗaya.

Akwai kuma abin lura a jikin gawo, itacen da manoman yankin ba sa son sarewa. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi yakan zubar da ganye ya tsaya kamar matacce. Da rani sai ya tofo. Baƙo zai ce a yi itacen girki da shi, mai gona kuwa ya san geron da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau, domin ganyen da ya zubar shi ke ciyar da ƙasa. Saboda haka dattawan ikkilisiya su yi hattara da yanke hukunci a kan wanda ya yi sanyi, shi ma kada ya yanke wa kansa ƙauna. Kakanninsa sun kusaci Allah ta barin abin da suka gada; shi kuwa an kira shi ya tsaya a kan abin da ya gada, ya yi masa hidima a cikin rani, tun ba a ga hadari a gabas ba.