Ban-ɗakin Filin Jirgi Ba Juji Ba Ne

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ke ƙara yaɗuwa a tsakanin matafiyanmu, kunya kuma ta hana a faɗe ta a fili saboda ta shafi makewayi. To, shirun ya isa haka. Mutum zai yi wanka ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya biya kuɗin jirgi na miliyoyin naira, amma da ya rufe ƙofar ban-ɗakin filin jirgi sai ya aikata abin da ba zai lamunta wa ɗansa a gida ba. Ya bar famfo yana kwarara ya yi gaba. Ya jefa ledar ruwa a masai. Uwa ta cire wa jariri famfas ta tura ciki. Wani ya hau masan zama da takalmi ya tsuguna. Idan an yi magana, amsar ɗaya ce: ai kayan gwamnati ne, kuma akwai masu shara, aikinsu ke nan.

Mai wannan magana bai san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Bututun da ke kwashe ƙazanta faɗinsa bai wuce inci 4 ba, kuma masai da yawa ne ke zuba a layi ɗaya. Takardar goge jiki an yi ta ne don ta narke a ruwa. Leda ba ta narkewa, audugar mata ba ta narkewa, shi kuwa famfas kumbura yake yi idan ya sha ruwa. Abu ɗaya ya maƙale a lanƙwasa, na baya ya taru a kansa, kan ka ce kwabo ruwan najasa ya dawo ta masan da ke kusa. Sai a rufe ɗaki biyu ko uku, layi ya ninka, dattijo mai ciwon suga da ba ya iya riƙe fitsari ya tsaya yana matse ƙafa. Wanda ya jefa ledar kuwa tuni yana cikin gajimare.

Abin ya fi muni lokacin jigilar alhazai. A shekarar 2023 Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000, kuma babban jirgi ɗaya na ɗaukar maniyyata fiye da 400. Dukkansu suna son su kama ruwa su yi alwala kafin a kira su, domin tafiyar Kano zuwa Jidda ta kai awa huɗu zuwa biyar. Ke nan ɗaruruwan mutane ne ke bukatar 'yan ɗakuna kaɗan a cikin rabin awa. A irin wannan matsi, minti biyar da mutum ya ɓata yana wanke hankici ko yana amsa waya a ciki, haƙƙin wani ne ya ci.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ya fi ba ni takaici. Famfo a buɗe yana zubar da lita 6 ko fiye a minti ɗaya. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai cika lita ɗaya ba. Yau mai bin sunnarsa zai murɗa famfo har ƙarshe, ya tsaya naɗe hannun riga, ya cire agogo, ya gaisa da na kusa, ruwa na ta tafiya. Wannan almubazzaranci ne, ko da niyyar ibada aka yi shi. Kuma mu da muka saba sayen jarka a hannun 'yan ga-ruwa, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajarsa. A can Jidda ma, inda aka buɗe tashar alhazai mai rufin tantuna a 1981, babu kogi ko ɗaya. Ruwan da alhaji ke bari yana zuba daga Bahar Maliya aka ɗebo shi, aka cire masa gishiri da makamashi mai tsada.

Hawa masan zama da ƙafa kuwa ganganci ne da rai. Tangaran ne, ba a gina shi don ya ɗauki nauyin mutum a gefensa ba, kuma idan ya fashe yankansa kamar na wuƙa yake. Haka ɗaga ƙafa a sa a kwanon wanke hannu: kwanon ya saki bango, ruwa ya malale a tayil, tsohuwa ta zo ta zame ta karya ƙugu ana saura awa biyu ta tashi zuwa Makka.

Ba matafiyi kaɗai ke da laifi ba, kuma ba zan rufe ido a kan wannan ba. Wanda ya zana ban-ɗaki a ƙasar da fasinjoji da yawa da ruwa suke tsarki, kuma suna salla sau biyar a rana, amma bai tanadi wurin alwala daban ba, bai sa butoci ko mesar tsarki ba, bai bar masan tsuguno ko ɗaya ba, shi ya fara jawo ɓarnar. Mutumin da ya baro ƙauyensu karon farko a rayuwarsa, ya tarar da abin da bai taɓa gani ba kuma babu mai nuna masa, me ake so ya yi? Kano ta ga saukar jirgin sama tun 1925, saboda haka babu uzurin cewa ba a san halin fasinjanmu ba. Hukumar FAAN da ke kula da filayen jiragen ƙasar nan ta san maganin, kuma ba mai tsada ba ne: wurin alwala mai mazauni da magudana a wajen makewayi, famfo mai yanke kansa, tankin masai na zamani mai sakin lita 6 maimakon tsohon mai cin ninkin haka, kwandon shara mai murfi a kowane ɗaki musamman ɓangaren mata, da hotuna da rubutun Hausa, boko da ajami, a jikin ƙofa. Na'urar da ta lalace kuma a gyara ta a ranar, kada a ɗaure ta da leda a bar ta wata uku.

Malaman bita, ku ma da ku nake. Kuna koya wa maniyyata ɗawafi da sa'ayi da jifa, Allah ya saka da alheri, amma ku ware zama ɗaya ku kawo masan zama gaban jama'a ku nuna yadda ake amfani da shi, mata su nuna wa mata. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin alhazai na jihohi su mai da wannan wajibi kafin a ba mutum jaka. Kai kuma Alhaji, ke kuma Hajiya, ku tuna mai sharar nan da ke sa hannu ta zaro abin da kuka tura 'yar wani ce, kuma za ta tsaya da ku gaban Allah. Ku rufe famfo, ku sa leda a kwando, ku kora ruwa, ku fito da wuri don na bayanku.