Waya 36, Ƙafa Ɗaya

Ku tsaya wata rana a rumfar mai gyaran keke a Funtua ko Malumfashi, ku dubi yaron da ke koyon ɗaurin ƙafar keke. Yawanci waya 36 ce ke haɗa cibiya da gargare, rabi na ja dama, rabi na ja hagu. Sabon hannu yakan yi gaggawa, ya ɗaure waya ɗaya tamau, sai gargaren ya karkace, ya riƙa gugar birki. Maigidansa kuwa kaɗan-kaɗan yake murɗa kowace, ya juya ƙafar, ya duba, ya sassauta nan, ya ƙara can. Wayar da aka bari sako-sako ma ba ta tsira ba. Sau da yawa ita ke fara tsinkewa a ƙarƙashin buhun masara.

Irin gaggawar yaron nan muke yi wa katikis a ƙauyukanmu. Shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke jagorantar addu'ar Lahadi in Fada bai zo ba, shi ke jana'iza, gonarsa kuwa ciyawa na ci. Anya, haka Waliyi Bulus ya kwatanta wa Korintiyawa gaɓoɓin jiki? Tun da aka kafa Dayosis ɗin Katsina a 2023 aikin ƙaruwa yake yi.

Kafin ruwan shuka ya sauka, kwamitin coci da Zumuntar Mata da matasa su zauna, a rubuta sunan mai ziyarar marasa lafiya, da ranar da za a yi wa katikis gayya.