ISKAR DA KE CIYAR DA KIFI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.).

Bayan haka, ya 'yan'uwa masunta na Wudil, har yanzu akwai wanda idan kamu ya yi ƙaranci sai ya yanka baƙin zakara a bakin kogi, wai don iskokin ruwa su saki kifi. Wannan shirka ce, ba ta da wani suna. Ku saurara ku ji wace iska ce Allah Ya ɗora wa wannan aiki.

A cikin teku akwai 'yan halittu da ido ba ya gani, dangin gansakukar da ke mai da kududdufi kore, masana na ce musu filankiton. Ba su da ƙarfin iyo, inda ruwa ya kai su nan suke. Su ne abincin ƙananan kifaye, ƙananan kuma abincin manya.

To, ku dubi gaɓar Muritaniya da Senegal. Iska na busowa daga arewa tana bin gaɓa, sai ta ture ruwan sama ya yi yamma, can cikin teku. Me zai cike gurbinsa? Ruwan ƙasa mai sanyi, wanda ke ɗauke da takin duk abin da ya mutu ya nutse. Da ya taso ya sami rana, sai filankiton ya yaɗu, kifi ya biyo, masuntan Nuwadibu su cika jirage. Wani masani ɗan Suwidin, Ekman, ya fito da lissafin wannan turi a 1905, alhali aya ta 164 ta Suratul Baƙara tuni ta lissafa jujjuya iskoki cikin ayoyin Allah. A tsakiyar teku kuwa, inda ruwan ƙasa ba ya tasowa, ga ruwa shuɗi fes, amma kifi kaɗan. Wane aljani aka yanka wa zakara a can? Ƙarancin kogin namu kuwa, ku fara tuhumar tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi.

Sai hazon hunturu da wasunku ke zagi, ga shi Annabi (S.A.W.) ya hana zagin iska. Mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, gindin tsohon tafki da ya ƙafe, kuma farar ƙurar ɓawon irin waɗannan halittu ce da suka mutu shekaru dubbai. Ta ratsa ta kanmu, ta fasa mana leɓe, ta wuce ta zuba a Tekun Atilantika ɗauke da sinadarin ƙarfe, ta zama taki ga filankiton mai rai.