Ajali da Wayar GPS a Ƙaramin Jirgi

Na'urar neman agaji takan kunna kanta idan ƙaramin jirgi ya faɗi, ta aika sigina ga taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat. Ita kaɗai, takan kuskure wurin da kamar kilomita 5. In an jona ta da GPS, sai tazarar ta koma kusan mita 100. A dazukan da ke kewaye da filin jirgin Lafia, wannan bambanci sa'o'i ne ga mai zubar jini.

Shin jona wayar da ke haɗa na'urar da GPS ya saɓa wa tawakkali? A'a. Ajali rubutacce ne amma ɓoyayye, kuma dalilin tsira ma ƙaddara ne. Imamu Gazali ya sa kare rai cikin manufofin shari'a biyar, don haka makanikin da ya bar wayar sako-sako ya ɗauki alhakin fasinja.